Shirun da ba na Allah ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana maza da mata.

Abin da na gani yau bayan la'asar ne ya hana ni sukuni, shi ya sa na ɗauko waya a wannan dare. Na shiga wani gida da zumunci ya ba ni damar shiga har tsakar gida. Maigidan mutumin kirki ne a idon kowa, sahun farko ba ya wuce shi. Aka shimfiɗa mana tabarma, matarsa na zaune bakin murhu, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Sai ya kira 'yarsa, yarinyar da ba ta wuce shekara bakwai ba, ya ce: "Je ki ce wa uwarki ta kawo ruwa." Yarinya ta taka ta maimaita abin da uwar ta riga ta ji da kunnenta. Uwar ta ce: "Ki ce masa randa ba komai, ba a biya ga-ruwa ba." Ta dawo ta isar. Babu wanda ya ɗaga murya, babu zagi, babu harara. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne fuskar yarinyar. Ko gezau ba ta yi ba, domin ta saba, aikinta ne a gidan.

Ba zan faɗi unguwa ba, kuma don Allah kada wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya. Ba tonon asiri na zo yi ba. Na kawo maganar ne don gidaje irin wannan, da ake gaba a cikinsu, suna da yawa a unguwannin Maradi, daga Bagalam har Zariya, daga Mokoyo har Ali Ɗan Sofo, kuma baƙon da bai sani ba in ya shigo cewa zai yi: masha Allah, gida mai kunya, gida mai natsuwa.

Mu dai da girmama shiru aka rene mu, kuma ban ga aibun haka ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, a gaban mutane sai ka rantse ba ita ta haife shi ba, alhali in ya yi zazzaɓi ita ce ba ta runtsawa. Mace ba ta ambatar sunan mijinta, sai Malam, sai Alhaji, sai baban wance. Yaro in babba na yi masa faɗa sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai, ko da kuwa yana da hujja. A zaman makoki ka zo ka yi addu'a, ka ce ya haƙuri, ka zauna tsit, zaman nan naka ya wadatar. Budurwa in an tambaye ta game da miji ta yi shiru, shari'a ta karɓi shirun nan a matsayin izini. Maƙwabtanmu Fulani ma sun fi mu, fulako kan hana mutum ya ce yana jin yunwa ko yana jin ciwo. Buzu in ya hango surukinsa sai ya ƙara jan rawani ya rufe baki da hanci, kuma ba zai ci abinci a gabansa ba. Duk wannan shiru ne mai mutunci, Allah ya bar mana shi.

Wasu al'ummu kuwa daban suke fahimtarsa. Wanda ya yi lakkol a hannun mushe, wato malamin makaranta, Bafaranshe, ko ya je karatu Faransa, ya san sunkuyar da kan da Baba ke yabawa a gida can ana iya ɗaukarsa taurin kai ko rashin gaskiya. Su so suke ka kalli mai magana cikin ido ka mayar da amsa nan take. Mutanen Japan an san su da jure dogon shiru a tsakiyar hira ba tare da kowa ya tsargu ba, Ba'amurke kuwa da hira ta ɗan tsaya sai ya shiga neman abin faɗa. Turawan Ingila tun ranar 11 ga Nuwamba 1919 suke tsayawa tsit na minti biyu don tunawa da mutanensu da suka mutu a yaƙin duniya na farko, abin da mu da addu'a muke yi wa namu. Kowa da yadda ya gada.

Sai dai akwai shiru guda ɗaya da Bahaushe da Bafillatani da Bature duk fassara ɗaya suke yi masa. Ka ga mutum, ka san shi ya san ka, ka ɗauke kai da gangan don ya ji zafi. Wannan horo ne a ko'ina. Akwai wasu Kiristoci a Amurka, Amish, masu noma da dawaki da ba sa tuƙa mota, mafi girman hukuncin da suke yi wa wanda ya karya dokarsu shi ne su ƙaurace masa, ba cin abinci tare, ba ciniki. A 2003 wasu masu bincike a Kalifoniya suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, can sai aka daina jefo musu, aka bar su suna kallo. Sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa in jiki na shan azaba, shi ne ya motsa. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin tsare fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela, a ciki aka haramta a kulle mutum shi kaɗai sa'a 22 ko fiye a yini, ba mai hulɗa da shi, har ya wuce kwana 15 a jere. Ɗan kaso fa ke nan, wanda wataƙila kisan kai ya yi. Kai kuma, Malam, uwar 'ya'yanka wata nawa ke nan rabon da ta ji "ina kwana" daga bakinka?

Addininmu ko kusa da 15 bai kai ba. Kwana uku ne iyakar da aka yarda musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa. Kowa ya san hadisin, 'yan Islamiyya sun haddace shi, ba sai na karanto muku ba. Kwana ukun ma sassauci ne aka yi wa zuciya don ta huce, da yake ɗan Adam ba ya rabuwa da fushi.

To me ya sa muka san hadisin amma gaba ta cika mana gidaje? Abin da na lura da shi shi ne, da yake shiru na da daraja a wurinmu, gaba ta samu wurin ɓuya. Wanda ya zagi ɗan'uwansa a bainar jama'a, kafin magariba dattawa sun zaunar da shi, kowa ya yarda ya yi laifi. Wanda kuwa ya shekara biyar bai ce wa ƙanensa ci kanka ba, sai ka ji ana cewa ai Alhaji mutum ne mai kawaici, ba ya son hayaniya. Shi ma da bakinsa zai gaya maka: "Ni fa ban ce masa komai ba. Ban zage shi ba, ban doke shi ba, harkata kawai nake yi." Yana faɗa yana jin shi ne mai haƙurin, shi ne babba. Ɗan'uwa, wannan "ban ce masa komai ba" da kake alfahari da shi, shi ne fa laifin da za a tambaye ka.

Kada mu yaudari kanmu, kowa ya san bambancin a cikin ransa. Mai kawaici yana haɗiye magana ne don kada ɗan'uwansa ya ji kunya. Mai gaba yana riƙe magana ne don ɗan'uwansa ya ji ciwo. In kana canza lungu don kada ku haɗu, in ka ji muryarsa a zaure ka fasa fitowa, in ka matsa a sahu don kada kafaɗarka ta taɓa tasa, in an ce ya yi asara ka ji wani sanyi-sanyi a zuciya, to wallahi kada ka ƙara kiran abin nan haƙuri.

Ku tuna Ka'abu ɗan Maliku, Allah ya yarda da shi. A shekara ta 9 bayan hijira bai fita yaƙin Tabuka ba, kuma ba shi da uzuri. Da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya dawo Madina, munafukai suka yi ta rantse-rantse, shi kuwa ya faɗi gaskiya. Aka hana musulmi magana da shi, shi da Muraratu ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Ba a doke su ba, ba a ɗaure su ba, ba a taɓa dukiyarsu ba. Magana aka janye. Ka'abu ya ce yana fita salla, yana zagaya kasuwa, babu mai ce masa uffan, har garin da ya sani ya koma masa baƙo. Yakan yi wa Annabi sallama bayan salla, sannan ya riƙa tambayar kansa: shin leɓɓansa sun motsa da amsa ko ba su motsa ba? Da abin ya ishe shi sai ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa, wanda ya fi so a cikin mutane, ya yi masa sallama. Bai amsa ba. Ya haɗa shi da Allah ya ce, ka san ina son Allah da Manzonsa? Shiru. Ya sake, shiru. Sai a karo na uku ya ce masa Allah da Manzonsa ne mafi sani. Ka'abu, namijin da ya halarci mubaya'ar Aƙaba, mawaƙin da ke kare Musulunci da harshensa, hawaye suka ɓalle masa, ya juya ya sake haura katanga. Dare 50 aka yi a haka. Alƙur'ani da kansa, a Suratut Tauba aya ta 118, ya ce ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka ƙuntata.

Wannan hukunci ne da Manzon Allah ya zartar a kan lamarin da ya shafi al'umma baki ɗaya, kuma yana da ranar ƙarewa. Da Allah ya saukar da karɓar tubarsu, wani ya hau dutsen Sal'u ya ƙwala masa bushara, mutane suka riƙa taronsa ƙungiya-ƙungiya, Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi ya taso da gudu ya kama hannunsa, Ka'abu bai taɓa mance masa da wannan ba. Sahabbai ɗokin su buɗe baki suke yi. To kai wa ya ba ka hurumin ka yanke wa musulmi wannan hukunci? A kan me? A kan jika biyar da ya ci maka? A kan ba a kawo maka goron ɗaurin aure ba? A kan ba ta zo barka ba lokacin da kika haihu? Sahabi bai jure dare 50 ba sai da kuka, kai kana ƙirga naka da sallar layya: wannan ce ta huɗu.

Bari in dawo kan magidanta, don a nan abin ya fi muni. Namiji ya yi fushi, ba zai faɗi abin da aka yi masa ba. Ya shigo ba sallama, ya ajiye kuɗin cefane a kan taga, ya ci tuwo in ya ga dama, in bai ga dama ba ya bar shi a rufe ya je ya sayi tsire a bakin titi don ta gani. Ta gaishe shi ya amsa da hanci, ko ya yi kamar da bango take. Ta tambayi laifinta, ya ce ai kin sani. Wallahi sau da yawa ba ta sani ba. Tana kwana tana lissafi, ko gishiri ne, ko maganar da na yi wa ƙanwarsa ce, ko wani ne ya kai masa tsegumi. A waje kuwa shi ne mai fara'a, a fada ana shan shayi shi ne mai ba da labari har sha biyun dare. In mai mata biyu ne, daga ɗakin amarya ana jiyo dariyarsa, ranar girkin uwargida kuwa gidan ya yi tsit. Allah ya hana a bar mace kamar wadda aka rataye, ba mai aure ba ba sakakkiya ba, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 129. Wanda kuma zai kawo mini ayar ƙauracewa a shimfiɗa, to ya karanta ta daga farko: wa'azi aka fara ambata, wa'azi kuwa da baki ake yin sa. Kai da ba ka buɗe baki ka faɗi laifin ba, ta ina ka tsallaka?

A gidan Annabi ma ana fushi. Ya taɓa ce wa Nana A'isha yana gane lokacin da take murna da shi da lokacin da take fushi: in tana murna takan rantse da Ubangijin Muhammadu, in ta yi fushi sai ta ce Ubangijin Ibrahimu. Ta ce ƙwarai kuwa, ya Manzon Allah, amma sunanka kawai nake ƙauracewa. Ku dubi iyakar fushin. Magana ba ta yanke ba, har ana iya zama a yi hirar fushin cikin raha.

Iyayenmu mata, ku ma ban bar ku ba. Akwai wadda za ta dire wa miji kwano ta juya, mako biyu ba "sannu da zuwa". Akwai kishiyoyi, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, turmi ɗaya, shekara da shekaru ba ina kwana. Wannan ta haihu waccan ba ta leƙa ba. Wannan ta kwanta ciwo waccan ta ƙure rediyo. Akwai uwar miji da matar ɗa da ba su haɗa ido. Kuma abin ba ya tsayawa a kanku. Yara suna kallo. Sun san wanda ba a gaisarwa, sun san ɗakin da ba a shiga, sun san kwanon da ba a ci. Su tashi da gabar da ba su san mafarinta ba, ranar da uba ya faɗi ya mutu a rasa mai haɗa kan 'yan uba ko a wurin karɓar gaisuwa, kowane ɗaki da tabarmarsa. Sannan don girman Allah ku daina mai da yaro ɗan aike tsakanin uwa da uba. Yaron da ya tashi yana ɗaukar magana daga wannan kusurwa zuwa waccan, yaya kuke so ya zauna da tasa matar gobe? Abin da ya gani shi zai yi.

Sai gado. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya suka sha, a kan gona a bakin Gulbi ko kangon gida a cikin gari sai a yanke zumunci har kabari. Ban ce kowa ya bar haƙƙinsa ba. Ku je gaban malamai a raba, ku je fadar sarki, ku je gaban alƙali in ta kama. Neman haƙƙi halal ne. Amma shari'ar fili ba ta ɗauke muku sallama ba, ba ta ɗauke muku gaida mara lafiya ba. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, mun ga yadda mutanenmu suka riƙa ratsa daji tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, a kan kabu-kabu ko a ƙafa, don kawai su kai ga jana'izar ɗan'uwa a Katsina ko sunan jika. Hukuma ta rufe hanya, zumunci ya ƙi tsayawa. Kai kuwa Yayanka katanga ɗaya ce tsakaninku, ba jandarma ba duwan, kai da kanka ka rufe.

Na san abin da wani zai ce: "Ai na riga na rantse ba zan ƙara yi masa magana ba." Nana A'isha ma ta taɓa yin bakance ba za ta ƙara magana da Abdullahi ɗan Zubairu ba, ɗan yayarta Asma'u, saboda wata magana da ya faɗa a kan yawan kyautarta. Abin ya daɗe, ya aika masu ba da haƙuri ta ƙi. Daga baya Miswaru ɗan Makhrama da Abdurrahman ɗan Aswadu suka lulluɓe shi cikin mayafansu suka nemi izinin shiga, suka ce dukanmu? Ta ce dukanku, ba ta san yana ciki ba. Ya faɗa bayan labule ya rungume ta yana kuka, su kuma suna tuna mata hanin da Annabi ya yi. Ta yi kuka, ta yi masa magana, ta 'yanta bayi 40 saboda bakancen. Uwar muminai ke nan ta karya nata. Taka rantsuwar ba ta fi tata tsada ba. Kaffara sananniya ce: ka ciyar da miskinai 10 ko ka tufatar da su, in ba hali ka yi azumin kwana uku. Wanda ke iya sayen ragon layya ba zai ce tiyoyin gero na miskinai goma sun gagare shi ba.

Gabar bambancin fahimta da ta siyasa ba zan tsaya a kansu ba, kowa ya gani da idonsa. Maƙwabcinka yana sallar da kake yi, yana fuskantar alƙiblar da kake fuskanta, don ba malaminku ɗaya ba ka daina amsa masa sallama. Ka je ka tambayi malamin naka ko shi ya sa ka.

Yanzu kuma waya ta zo ta sauƙaƙa abin. Da can mai gaba sai ya sha wahalar canza hanya, yau danna abu ɗaya zai yi ya toshe lamba. Ƙanwarka ta turo gaisuwa ta WhatsApp, alama ta yi shuɗi, ta san ka gani, ka ajiye wayar. A zauren dangi kowa ya sa hoto ka yi masa addu'a, ita ta sa na jaririnta ka tsallake. Sannan ka hau Facebook ka rubuta hadisi a kan zumunci, ko ka saki habaici ka ce ai ban kama suna ba. A nan dai ina roƙon ɗaya ɓangaren ma da ya kyautata zato. Ba duk wanda bai amsa ba ne ke gaba da kai. Wani caji ne ya ƙare, wani kuɗin intanet ne babu, wani yana asibiti da mara lafiya. Gaba da yawa daga zato ta faro: shi yana jiran ta kira, ita tana jiran ya kira, Shaiɗan na tsakiya yana ƙara wa kowa bayani.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne maganar Litinin da Alhamis. Muna azumtar ranakun nan, muna kwaɗayin ladansu. To a cikinsu ne Annabi ya ce ake buɗe ƙofofin Aljanna, a gafarta wa duk bawan da ba ya shirka, ban da mutumin da ke da ƙullin gaba tsakaninsa da ɗan'uwansa, sai a ce a jinkirta wa waɗannan biyu har su shirya. Sau uku ya maimaita. Ka lissafa da kanka Litinin nawa da Alhamis nawa suka wuce tun ranar da ka ɗauke kai. Hajiya, ki lissafa. Da umararki, da sadakarki, da tahajjudin goman ƙarshe, ana cewa a dakata. Akwai ma ruwayar Abu Dawuda da ta ce wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa shekara guda kamar ya zubar da jininsa ne.

Wanda ake cuta da gaske, ban ce ya koma ya miƙa wuya ba. Akwai mutumin da kusantarsa ke ɓata maka addini, ko ya jawo maka cuta a jiki ko a dukiya, malamai irin su Ibnu Abdil Barri sun yi bayanin cewa nisantar irin wannan ya halatta. Matar da ake duka, nemo mata mafita wajibi ne a kan danginta, ba a ce mata ta yi shiru ba. Amma mu ji tsoron Allah, gabarmu nawa ce ta kai nan? Mafi yawanta girman kai ne: wa zai fara. Ni ne babba. Ni ce uwargida. Ni aka yi wa laifi. Alhali an riga an gaya mana wanda ya fi alheri a cikin biyun, shi ne mai fara sallama. Kuma ba a ce dole ku koma cin kwano ɗaya ko ka sake ba shi bashi ba. Risalar da muke karantawa a zaurukanmu ta faɗa ƙarara cewa sallama na fitar da mutum daga ƙauracewa, sannan bai kamata ya bar magana da shi ba bayan sallamar. Ƙofar a buɗe take, kuma ba ta da tsada.

Mu ma 'yan kallo muna da namu kason. Mun san gidajen. Liman ya san mutum biyun da ba su haɗa sahu. Mai unguwa ya sani. Abokan fada sun sani, har tsara zama suke yi don kada wane ya haɗu da wane. Gwaggo ta sani, kawu ya sani. Kowa ya ce ba ruwana, kada a ce na cika shisshigi, a nan ma sai mu kira shi kawaici. Ina dattakun da muka taras, lokacin da tsoho zai aika a kira masa mutum biyu ya ce ba mai tashi sai kun gaisa? Annabi ya ce gyara tsakanin mutane ya fi darajar nafilar azumi da salla da sadaka, har aka ba mai sulhu damar ya ƙara wa magana daɗi, ya je wa wannan ya ce ɗan'uwanka na ambatonka da alheri, kuma ba a rubuta shi maƙaryaci ba. Mu kuwa akasin haka muke kaiwa. "Ka san abin da ya ce a kanka jiya?" Subhanallah.

Don Allah, 'yan'uwa. Kowa ya san sunan da ya faɗo masa a rai tun da ya fara karanta wannan. Kada ka tura wa wani rubutun nan don ya ji da shi ake, da kai nake. Kada ka jira azumi, kada ka jira salla, kada ka jira a ce yana kwance rai a hannun Allah. Mun sha ganin wanda ya zo da gudu ya tarar an riga an sa a likkafani, yana kuka yana cewa ku bari in roƙe shi gafara. Buɗe lambar nan da ka toshe. In gida ɗaya kuke, gobe da asuba ka ce ina kwana, da bakinka. In bai amsa ba kai ka fita daga laifi, nauyin ya koma kansa, jibi ka sake.

Kai kuma da za a zo wa, ke da za a kira, don girman Allah ku amsa. Mutum ya danne zuciyarsa ya taka har ƙofar gidanka, kada ka bar shi tsaye a rana, kada ka ce sai yau ka ga dama, kada ka tara masa mutane ka ce sai ya maimaita a gabansu. Ka amsa sallamar, ka miƙa hannu, ka sa a kawo masa ruwa. Maganar wa ya yi laifi ku bar ta zuwa wani zama.